Kwalbar da Na Juye a Miyar Kuka

Kafin in faɗi abin da na aikata, bari in fara da abin da zai ɗan rage mini laifi: abin da ke cikin kwalbar nan ba abinci ba ne. Baƙi ne wuluk, ga danƙo kamar kwalta, ga gishiri sai ka ce mai haɗa shi fushi yake yi da duniya. Da a Kano ne uwa ta ga an shafa wa ɗanta irinsa a burodi, da sai maganar ta kai gaban mai unguwa. Amma a kan wannan abin ne na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba a shekara shida da na yi a Guangzhou, wanda mu dai Gwanzu muke ce masa, mai son gyara ya gyara.

Sana'ata sayayya ce. 'Yan kasuwa daga gida su turo mini hoton abaya ko doguwar riga a waya, ni kuma in shiga kasuwar tufafi ta Baima, in hau bene in sauko bene har in samo. In na nuna hoto aka ce mini “meyo”, wato babu, sai in kira mai shagon “lawban”, wato maigida, in yi masa murmushin da ban taɓa yi wa dangin mijina ba, sai ka ga babu ta koma akwai. Ina zaune a hawa na tara na wani dogon gini a bayan titin Huanshi Lu. Ƙofar da ke kallon tawa ta wata Baturiyar Ingila ce mai koya wa yara Turanci, shi ya sa muke ce mata Malama. Doguwa ce siririya, ta ba wa arba'in baya, kuma ban taɓa ganin mutum mai arhar ban haƙuri irinta ba. Ranar da muka fara haɗuwa a lif, buhun kayana ne ya faɗo mata a ƙafa, amma ita ta riga ni cewa in yi haƙuri. Na dube ta sama da ƙasa, na ce a raina wannan ba za ta kai azahar a Kantin Kwari ba.

Daddawa ce ta haɗa mu. Duk bayan wata biyu ko uku Innata takan aiko mini da saƙo ta hannun duk wanda zai taso daga Kano: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, da daddawa a ƙulle cikin leda uku. Haka muke yi, babu Bakanon da zai hau jirgin Gwanzu bai ɗauko ƙullin wani ba, ko da bai san mai shi ba. Ƙullin kuma ba ya zuwa shi kaɗai, sai Inna ta raka shi da saƙon murya a waya, minti bakwai, minti tara. Takan fara da gaisuwa, ta bi ta kan wadda ta haihu da wanda ya rasu da akuyar da ta cinye wa maƙwabta zogale. Ni kuwa da na ji ta faɗi wanda aka ba wa ƙullin sai in kashe, don ina da abin yi.

Ranar da na fara sa daddawa a tukunya a ginin nan, Sinawan hawa na tara duk suka rufe tagoginsu. Mutanen da ke cin wata awara da warinta ke tsallaka titi! Can sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na gyara ɗaurin ɗankwali, na tattaro duk Turancin faɗa da na sani, na buɗe. Malama ce. Ta ba ni haƙuri sau biyu, sannan ta ce ƙanshin girkina ya tuna mata da wani abu na gidansu, ko zan zo in gani?

Ƙanshi ta ce. Sai na rasa inda zan kai faɗan da na shirya, na bi ta.

Daga can saman kabad ta sauko da ita, da hannu biyu. 'Yar kwalba ce baƙa mai tumbi, ba ta kai kofin shayi ba. Ta buɗe, na sunsuna. Lallai akwai dangantaka da daddawa, amma irin dangantakar da ba ta kai a ci gado ba. Na tambaya ko da alade a ciki, ta ce babu, ko nama ma babu. Ta gasa burodi ta shafa bota, ta lakato abin da tsinin wuƙa, ta shafa har sai da ya kusa ɓacewa, ta miƙo mini. Na ci don kunya. Na haɗiye don ba inda zan tofar.

A kan murfin akwai farin salatif, an yi rubutu a kai da shuɗin biro, baƙaƙen sun karkace kamar mai rubutun hannunsa na rawa. Malama ta ce rubutun mahaifiyarta ne. Tun da ta bar gida tsohuwar take aiko mata da kwali, kuma kowace kwalba sai ta rubuta mata magana ɗaya a murfi: kaɗan-kaɗan, kada ki cinye a tashi ɗaya. Na baya duk ta zubar da su in sun ƙare, don ba ta san za a daina ba. Wannan ce ta ƙarshe. Bayan an aiko ta ciwon mantuwa ya kama tsohuwar, yanzu tana gidan kula da tsofaffi, ba ta iya riƙe biro. Shi ya sa Malama ba ta buɗe kwalbar sai ranar Lahadi, kuma tsinin wuƙa ɗaya ne rabon sati.

Na ce Allah ya ba ta lafiya. Amma maganar gaskiya, a duk labarin nan abu ɗaya na riƙe: gidan tsofaffi. Uwar da ta haife ki, ki kai ta ajiya kamar kayan da suka rasa kontena, ki taho nan kina lallaɓa kwalba! Na fito daga ɗakinta bakina na ƙaiƙayi, na ƙosa Juma'a ta yi in ba ƙawayena labari.

Daga nan muka saba. Ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin da gari ya waye a can ƙasarsu, nakan jiyo ta ta bango tana waya da ƙarfi, tana maimaita magana, wani lokacin har da dariya. Wata Asabar kuma ta gayyace ni shan shayi da 'yan ƙasarsu, su biyar. Na je da shirin jin hirar duniya, tunda mutanen da suka mulke mu ne. Ashe zaman makoki aka kira ni. Kowa ya rungume kofinsa ya kafa wa bango ido, yana ambaton abincin da ya baro a gida, sauran suna girgiza kai kamar ana lissafa halayen mamaci.

Ɗaya ta ce ita wake take kewa. Na gyara zama, don wake abin girmamawa ne: ƙosai, alala, ɗanwake, wake da shinkafa da mai da yaji. Ashe waken gwangwani take nufi, mai zaƙi-zaƙi cikin ruwan tumatir, a juye shi a kan gasasshen burodi har burodin ya jiƙe sharkaf. Shi ke nan fa, an gama girki, a zo a ci. Wani ya ce shi kifi da dankali, a tsoma kifin a ƙullun fulawa a soya, a yayyafa masa wani ruwa mai tsami, a naɗe a takarda, a je bakin teku a ci ana rawar ɗari. Na ce to yajin fa? Ya ce ai akwai gishiri. Wata ta ce koren wake da aka dama ya zama fate, ba mai ba albasa. Akwai wani dogo mai jar fuska da ke duba ɗinki a masana'anta, shi biskit ne damuwarsa. Ya yi mana bayanin yadda ake tsoma shi a shayi da yadda ake cire shi kafin ya karye, har muryarsa ta fara rawa. Ƙato da shi, da gemunsa.

Shayin ne ya fi ba ni haushi. Muna zaune a garin da ke da kasuwa guda ta ganyen shayi zalla, ka wuni kana yawo ba ka gama gani ba, amma mutanen nan sai an aiko musu da nasu daga Ingila, ƙura a cikin 'yar jakar takarda. Na kasa daurewa. Na ce, “Ku dai Allah ya ba ku komai ya hana ku harshe. Shekara nawa kuka yi kuna kwasar gyaɗarmu a Kano, a ce ko ƙuli-ƙuli ba ku koya ba?” Suka yi dariya, suka ba ni haƙuri.

Ba na cewa mu ba ma kewa. Da idona na ga Alhaji mai tura kontena biyar yana lasar ledar yaji a bayan shago, yana waige kada a gan shi. Amma mu in mun yi kuka, a kan abinci muka yi.

Kowace Juma'a in an sauko daga Masallacin Huaisheng, mata bakwai ko takwas sukan biyo ni gida mu ci tuwo. Yawanci Kanawa ne, sai wata Hajiya 'yar zangon Kumasi mai tura takalma Ghana, wadda in aka cire ni ita ce ta ɗaya a kaifin baki. Zaman nan yana da ƙa'idarsa, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗar ta. Duk wadda saƙo ya zo mata daga gida, sai ta ɗebo wani abu ta ajiye a kan teburin kicin ta wuce, ba ta cewa uffan. Ka ce “ga nawa” gori ne. Mai girki ba ta tambayar na wace ce, kuma ba a mayar wa kowa da ragowa. Abin da ya hau teburin nan ya zama na tukunya.

A wannan zaman na yi wata da watanni ina cin kasuwar Malama. In kwaikwayi yadda take sauko da kwalba da hannu biyu, in kwaikwayi tsinin wuƙa, in kwaikwayi ƙaton nan mai kukan biskit, mata su yi ta faɗuwa. Ƙarshen labarin kullum gidan tsofaffi ne, a nan sai dariya ta koma salati. Wata rana Hajiyar Kumasi ta ce mini, da Hausarsu ta zango da kowa “shi” ne, “Hajiya, kawo Baturiyan nan mu gan shi. Mutum da ya kai uwanshi ajiya, ina son in ga idonshi.”

Da makarantarsu ta yi hutu sai na gayyace ta. A wajen gayyatar na ce mata ƙawayena sun sha labarin abin burodinta, har suna son su san ɗanɗanonsa. Na faɗa ne don baki ya saba da ƙari. Ni na manta na faɗa, ita ba ta manta ba.

Ta zo da dogon siket, ta ɗaura ɗankwali don girmama mu, ɗaurin da in ka gani sai ka tambaya ko faɗuwa ta yi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon mata suna shigowa, kowace ta ajiye leda a teburin kicin ta wuce falo. Malama kuwa ba ta tambaya. Tambaya a wurinta damun mutane ne. Abin da ta ga an yi shi take yi.

Ni ina kicin, tuwon shinkafa ya nuna, nama ya yi laushi, saura in kaɗa kuka. Matsalata ɗaya: daddawata ta ƙare ƙaf, sai ɗan garin da ya maƙale a gindin leda, don wanda Inna ta ba wa ƙullina ya ɗaga tafiyarsa. Na juyo in duba abin da Allah ya kawo a tebur, sai ga baƙar kwalba zaune tsakanin busasshen kifi da ledar barkono.

Na tsaya. Na san kwalbar, na san labarinta, ba zan ce ban sani ba. Sai na ji wani daɗi ya kama ni, na ce lallai zama da mu ya yi wa Baturiyar nan amfani, yau ta zama mutum. Ta ɗauko abin da ta fi so a duniya ta ɗora a teburin jama'a, kuma ba ta yi gori ba. A wurinmu wanda ya yi maka irin wannan karamci, ka mayar masa da abinsa cin fuska ne. Wannan shi ne dalilin da na ba wa kaina. Ɗaya dalilin kuwa, ba ni da daddawa kuma mata takwas suna jirana.

Abin da ke cikin kwalbar ya fi rabi. Na sa cokali na kwashe, na kankare gefe da gefe. Sannan na yi mata abin da kowace mace take yi wa gwangwanin tumatir: na zuba ruwan zafi, na rufe, na girgiza, na juye a tukunya don kada a yi asara. Kwalbar da murfin na jefa su cikin robar wanke-wanke, ruwan da zafinsa da kumfarsa. Kafin miya ta tafaso na bi su da soson ƙarfe, don na riga na ga kwalba ce mai kyau, za ta yi mini ajiyar yaji. Hannuna ne ya yi aikin yadda ya saba, hankalina yana kan kuka kada ta yi gudaji.

Allah na gani, ban taɓa yin miyar kuka irin ta ranar ba, kuma ban sake ba. Abin da ba ya ciwuwa a burodi sai ga shi ya zauna a miya daram. Mata suka yi shiru, ba ka jin komai sai loma. Hajiyar Kumasi, wadda ba ta taɓa yabon girkin kowa ba, ta miƙo kwanonta a ƙara. Malama ta zauna a ƙasa tare da mu, ƙafafun nan nata ta rasa inda za ta sa su, tana cin tuwo da hannu miya na bin gwiwar hannunta. Can ta ɗago ta ce, “Akwai wani abu a miyar nan da na sani.” Na ƙifta wa Hajiyar Kumasi ido, na ƙara wa Malama ludayi guda. Ta cinye tas.

Sai da aka wanke hannu aka fara miƙe ƙafa, Malama ta jawo jakarta. Ta fito da wata 'yar roba ta buɗe. Gasasshen burodi ne a ciki, an yanka shi ƙanana-ƙanana daidai wa daida, guda tara, kowanne da botarsa. Ta fito da 'yar wuƙa a naɗe cikin tsumma. Ta ce ta ji suna son su ɗanɗana abin gidansu, to kowa zai samu ɗan kaɗan. Ta dube ni da murmushi ta ce ko zan taimaka in ɗauko mata kwalbar a kicin?

Matan falon duk suka juyo suna kallona. Har waɗanda ba sa jin Turanci sun ji wannan.

Na ce, “Malama, ai ita kika sha yanzu.”

Ta dubi kwanonta. Ta ce, “Duka?”

Na ce, “Duka.”

Murmushin yana nan a fuskarta bai san an gama da shi ba. Sannan ta ce, “To, ba komai. Kwalbar fa?”

Sai a lokacin rubutun ya faɗo mini a rai. Na tashi na shiga kicin. Kwalbar tana kife a kwando tana ƙyalli, murfin yana gefenta fes, ba komai a kansa. Salatif ɗin a bakin magudanar ruwa na same shi, ya nannaɗe tare da ɓawon albasa. Na warware shi a hankali. Shuɗi-shuɗi ne kawai ya rage, ko baƙi ɗaya babu.

Na kawo mata duka ukun a tafin hannuna. Ta ɗauki murfin ta juya shi, tana shafa samansa da babban yatsa. Ta ce, “Laifina ne, da na yi bayani. Ki yi haƙuri. Miyar ta yi daɗi ƙwarai.”

Nan raina ya ɓaci, wallahi ya ɓaci. Na ce, “Malama, wane irin haƙuri kuma? Ki zage ni mana! Ki ce mini mahaukaciya, ki fasa mini kwano!” Ta ce a'a, don me, ai ban sani ba. Na sani mana, ita ma ta san na sani. Da a Kano ne da tuni an ji mu a layi uku, a yi kuka a yi rantsuwa, dattijai su shiga tsakani, gobe a ci abinci a kwano ɗaya. Amma wannan haƙurin nata ba shi da ƙofar da mutum zai shiga ya nemi gafara.

Ta sa murfin a jaka. Ta ɗauki robar burodin za ta rufe, sai kuma ta fasa, ta fara miƙa wa mata ɗaya bayan ɗaya, tunda an riga an yanka. Muka karɓa muka ci burodi da bota a kan tuwo. Hajiyar Kumasi, da ta ce tana son ganin idon Baturiya, kanta a sunkuye ta karɓi nata.

Washegari ban shiga Baima ba. Na ɗauki hoton kwalbar na bi kantunan da ke sayar wa Turawa kayan ƙasarsu. Na farko “meyo”, na biyu “meyo”, kuma wannan karon murmushina bai yi aiki ba. A na uku, can wata unguwa da ban taɓa zuwa ba, na same ta a jere kusa da waken gwangwanin nan nasu. Na ɗauki mafi girma. A hanya na sayi farin salatif da shuɗin biro, don wayona bai ƙare ba. Na zauna a gida na manna, na rubuta maganar tsohuwar da Turancina. Da na duba sai na ga hannun 'yar kasuwa da ta saba rubuta lamba a jikin kwali. Na ɓare shi na jefar.

Ranar Lahadi da hantsi na ƙwanƙwasa mata. Ta yi ta godiya har na ji kamar in mare ta. Ta ce in zauna, ta gasa burodi, ta buɗe sabuwar kwalbar. Wannan karon cokali ta sa, ta ɗebo ta lafta wa burodin har ya yi baƙi ƙirin. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce, “Haba Malama, kaɗan-kaɗan mana.”

Hannunta ya tsaya. Sannan ta ce, “Wannan ai a kanti ake sayar da ita. In ta ƙare sai a sayo wata.”

Ta ajiye cokalin. Ta ce ba ta taɓa gaya mini ba, mahaifiyarta ta kusa shekara ba ta gane fuskarta. In an haɗa su a waya ranar Lahadi, tsohuwar kallon baƙuwa take yi mata, har takan tambayi mai kula da ita wace ce wannan. Sai Malama ta ɗaga murfin ta kara a waya. Tsohuwar ta manta 'yarta amma ba ta manta hannunta ba. Sai ta matso da fuska ta karanta, ta ce, ai rubutuna ne, wa na rubuta wa? Malama ta ce, 'yarki. Sai tsohuwar ta yi dariya ta ce, ashe ina da 'ya, to ki gaya mata kada ta cinye a tashi ɗaya. Daga nan sukan samu hira ta minti goma, wani lokacin fiye. Ta ce aikin nan da take yi a Gwanzu shi ke riƙe da masu kwana da tashi a kan tsohuwar, shi ya sa ba ta koma ba.

Ta faɗi duk wannan da muryar da take tambayar ko a ƙara mini madara. Ta miƙo mini tsohuwar kwalbar ta ce in riƙe, za ta yi mini amfani. Murfin ne kawai ba ta ba ni ba.

Ta ce in ina so in dawo bayan la'asar mu gaisa da tsohuwar tare. Na ce ina da kaya da zan kai wa masu kago, masu tura kaya gida. Ƙarya nake yi, tsoro na ji.

Bayan la'asar ina zaune a ɗakina, bayana a jikin bangon da ya raba mu. Na ji wayar ta shiga. Na ji Malama ta gaisa da ƙarfi yadda ta saba, ta faɗi wace ce ita, ta sake faɗa, ta sake faɗa a hankali. Na kasa kunne ina jiran dariyar nan. Ba a fi minti biyu ba na ji shiru, sai ƙarar famfo, ta buɗe shi ta bar shi yana ta zuba.

Ban san me ya sa na ɗauki wayata ba. Saƙon Inna na ƙarshe yana nan, na minti takwas, layin ya tsaya a inda na kashe shi sati uku da suka wuce, daidai inda ta faɗi wanda aka ba wa ƙullin. Na danna ya ci gaba. Ta yi maganar rufin ɗaki da ke yoyo, ta yi maganar wata jikarta da ta yi haƙori. Can ƙarshe, bayan ta yi sallama har na ɗauka ta gama, sai ta dawo ta ce, “Af, daddawar nan ki dinga sawa kaɗan-kaɗan, kada ki rabar wa mutane duka. Da kaina na daka miki, hannun nawa kuma ya fara ƙi.”

Na koma kan saƙon da ya gabace shi na ja shi zuwa ƙarshe. Ta faɗa. Na koma na bayansa, da na bayan wannan, har na bara. Duk ta faɗa. Maganar hannun ce kawai sabuwa.